Sankarar huhu: Yadda ake yin tiyata da kulawar da majinyaci ke buƙata bayanta

Sankarar huhu ce ke kan gaba wajen kashe mutane a cikin dukkan nau'o'in cutar daji a duniya. Ƙididdigar da Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna cewa kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da ita a shekarar, yayin da ta yi ajalin kimanin miliyan 1.8.

Duk da girman wannan adadi, cutar tana warkewa idan aka riske ta tun tana ƙarama, kuma tiyata ce hanyar da ta fi ba da damar hakan. Sai dai ƙwarewar likita kaɗai ba ta wadatarwa. Sakamakon aikin ya rataya ne a kan abubuwa biyu: lokacin da majinyaci ya isa hannun likitan ƙirji, da kuma irin kulawar da ya samu a makonnin da suka biyo bayan tiyatar. Na farkon shi ne babban ƙalubale a Najeriya. Na biyun kuwa, kaso mai yawa daga cikinsa yana hannun majinyacin da masu jinyarsa.

Wane majinyaci ne tiyata ke yi wa amfani?

Likitoci sun kasa sankarar huhu gida biyu, bisa kamannin ƙwayoyinta idan aka duba su a madubin likita. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda take kimanin kashi 15 cikin 100 na masu cutar. Ita wannan tana da saurin bazuwa, don haka da wuya a yi mata tiyata; akan tunkare ta da magungunan kashe ƙwayoyin daji, waɗanda aka fi sani da kemo, tare da gashi da na'ura. Sauran kashi 85 ɗin su ne nau'in da ba mai ƙananan ƙwayoyi ba, kuma a kansu ne yawancin maganar tiyata take.

Bayan nau'i sai mataki. A mataki na 1, tsiron yana cikin huhu ne kawai, bai yi girma ba. A mataki na 2 ya ƙara girma, ko kuma ya kai ga ƙananan ƙululun da ke tace ruwan jiki a kusa da shi, irin waɗanda ake kira kaluluwa idan sun kumbura a hammata ko matsematsi. A mataki na 3 cutar ta isa ƙululun da ke tsakiyar ƙirji ko gaɓoɓin da ke maƙwabtaka da huhu. A mataki na 4 ta tsallaka zuwa ɗaya huhun, ko ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Tiyata ta fi dacewa da mataki na 1 da na 2, da kuma wasu zaɓaɓɓu daga cikin masu mataki na 3. Idan cutar ta kai mataki na 4, cire tsiron da ke huhu ba ya kawar da ita, domin ta riga ta yi sheƙa a wasu wuraren. Alƙaluman Ƙungiyar Nazarin Sankarar Huhu ta Duniya sun nuna tazarar da ke tsakani: a cikin waɗanda aka gano cutarsu a farkon mataki na 1, kusan tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar, amma a mataki na 4 adadin bai wuce ɗaya cikin goma ba. Sababbin magunguna sun ɗan ɗaga wannan adadi na ƙarshe a 'yan shekarun nan, amma tazarar tana nan da faɗinta.

Inda lokaci ke ƙurewa a Najeriya

Alamomin sankarar huhu sun haɗa da tari mai naci, kakin jini, rama, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi da dashewar murya. Duk wanda ya san tarin fuka zai ga cewa kusan alamominsu ɗaya ne. Da yake Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, ba abin mamaki ba ne ma'aikacin lafiya ya fara zargin sa idan ya ga tabo a hoton ƙirji. A mafi yawan lokuta ma zargin nasa daidai ne.

Matsalar tana tasowa ne idan gwajin kaki bai nuna ƙwayar tarin fuka ba, amma aka ɗora majinyaci a kan maganin wata shida bisa hoton ƙirji kawai, aka kuma ci gaba da ba shi duk da cewa ba ya samun sauƙi. Watanni shida sun isa tsiron da za a iya cirewa ya zama wanda ya gagari wuƙa. Saboda haka duk wanda ya yi wata ɗaya zuwa biyu yana shan maganin tarin fuka a kan ƙa'ida amma jikinsa na ƙara lalacewa, ya kamata a sake duba shi, a ɗauki hoton CT na ƙirjinsa, a kuma tura shi ga ƙwararren likitan huhu. Hakan ya fi zama wajibi idan ya haura shekara 40, ko yana shan taba. Ba a son majinyaci ya dakatar da maganin da kansa, domin cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jikin mutum guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ne sanadin kimanin kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu. Amma wanda bai taɓa shan taba ba ma yana kamuwa, ta dalilin hayaƙin tabar wasu, gurɓatacciyar iska, hayaƙin dizal, ƙurar fasa dutse, da kuma shekaru na shaƙar hayaƙin girki a rufaffen wuri. Don haka bai dace a kawar da zargin cutar daga kan mace ba don kawai ba ta san taba ba.

Gwaje-gwajen da ake yi kafin a yanke shawara

Kafin likitan tiyata ya amince ya yi aiki, sai ya samu amsar tambayoyi uku: shin sankara ce, ina ta kai, kuma jikin majinyacin zai iya ɗaukar aikin?

Ana amsa ta farko ta hanyar ciro ɗan ƙanƙanin nama daga tsiron a kai ɗakin gwaji. Akan yi haka da siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko baki zuwa hanyoyin iska, ko kuma da allura ta bangon ƙirji yayin da na'urar CT ke nuna wa likita hanya. Ta biyu kuwa hotuna ne ke amsa ta: CT na ƙirji da saman ciki, hoton ƙwaƙwalwa, da hoton PET a inda ake da shi, wanda ke haska duk wurin da ƙwayoyin daji ke aiki a jiki. Sau da yawa akan ɗebi samfuri daga ƙululun tsakiyar ƙirji, domin su ne ke raba wanda za a fara yi wa tiyata da wanda za a fara ba shi magani.

Tambaya ta uku ta shafi numfashi da zuciya. Majinyaci zai hura iska da ƙarfi a cikin wata na'ura don a auna yawan iskar da yake fitarwa a daƙiƙa ɗaya, sannan a auna yadda iska ke ratsawa daga huhunsa zuwa jini. Da waɗannan ne ake lissafin abin da zai rage masa bayan an cire wani sashe. Ƙa'idar likitocin ƙirji na Amurka ta 2013 ta ce idan abin da zai rage ya haura kashi 60 cikin 100 na abin da ake tsammani ga mai shekarunsa da tsayinsa, hatsarin kaɗan ne; idan ya gaza kashi 30, hatsarin babba ne. Wanda ya faɗa tsakani akan gwada shi da tafiya ko hawan bene, inda iya hawa tsayin mita 22 ba tare da tsayawa ba ke zama alama mai kyau.

Wanda cutarsa ƙarama ce amma huhunsa ko zuciyarsa ba za su jure tiyata ba, bai rasa mafita ba. Akwai wani nau'in gashi da ake auna tsiron kai tsaye da ƙarfi mai yawa a zama kaɗan, yawanci uku zuwa takwas, wanda ke ba da sakamako mai kyau a cibiyoyin da ke da na'urar.

Me ake cirewa?

Huhun dama yana da sassa uku, na hagu kuma biyu, domin zuciya ta ci wani ɓangare na wurinsa. Kowane sashe ya kasu zuwa ƙananan yankuna, kowanne da hanyar iskarsa da jijiyoyin jininsa. Wannan tsari ne ya ba likita damar cire wani ɓangare ya bar sauran suna aiki.

Tiyatar farko da ta yi nasara wajen cire huhu guda a zama ɗaya saboda sankara an yi ta ne a watan Afrilun 1933 a birnin St. Louis na Amurka. Dakta Evarts Graham ne ya cire huhun hagu na wani likita ɗan'uwansa, James Gilmore, wanda ya koma bakin aikinsa ya kuma ƙara shekara 30 a duniya. Graham ɗin, wanda a 1950 ya fitar da ɗaya daga cikin bincike na farko da suka danganta taba da sankarar huhu, ya daɗe yana shan tabar kafin ya bari, kuma cutar ce ta yi ajalinsa a 1957, shekara shida kafin rasuwar majinyacin nasa.

Daga wancan lokaci zuwa yau, aikin ya yi ta komawa ga cire kaɗan gwargwadon iko. Cire sashe guda cikakke shi ne aka fi yi, kuma wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya tabbatar da shi a matsayin ma'auni, bayan ya nuna cewa cutar ta fi dawowa a wurin idan aka cire ƙasa da haka. Amma na'urorin ɗaukar hoto sun ci gaba, aka fara gano tsiro tun yana ƙanƙani. Wani binciken Japan da aka wallafa a 2022, wanda ya ƙunshi majinyata sama da 1,100, ya gano cewa idan tsiron bai wuce santimita 2 ba kuma yana gefen huhu, cire yanki kawai ya wadatar: kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka cire wa yanki suna raye bayan shekara biyar, idan aka kwatanta da kashi 91 na waɗanda aka cire wa sashe. Wani binciken da aka jagoranta daga Amurka ya zo da sakamako mai kama da wannan a 2023.

Cire huhu guda baki ɗaya yanzu sai idan ba makawa, wato idan tsiron yana tsakiya ya kama manyan jijiyoyi ko babbar hanyar iska. Ko a nan ma likitoci kan yi ƙoƙarin yanke ɓangaren hanyar iskar da ya kamu su ɗinke bakin biyu, don a tsira da sauran huhun. Kowane irin aiki aka yi, dole ne a cire ƙululun da ke kewaye a kai gwaji, domin sakamakonsu ne zai faɗi ainihin matakin cutar.

Buɗe ƙirji ko ƙananan huji

Hanya ta asali ita ce a tsaga gefen ƙirji, a buɗa tsakanin haƙarƙari biyu da wani ƙarfe. Ita ce ta fi dacewa da babban tsiro ko wanda ya manne da wasu gaɓoɓi, kuma har yanzu ana yin ta a ko'ina a duniya. Tun farkon shekarun 1990 aka fara yin aikin ta ƙananan huji, ɗaya zuwa huɗu, inda ake zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo. Daga baya aka ƙara da mutum-mutumin da likita ke sarrafawa daga gefe. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aikin huji sun fi samun sauƙin ciwo, sun kuma fi ƙarfin jiki bayan mako biyar, ba tare da an samu naƙasu wajen kawar da cutar ba.

Ko ta wace hanya, ana sa majinyaci barci gaba ɗaya, a saka masa bututu mai hanya biyu a maƙogwaro wanda ke ba da damar sace iskar huhun da ake aiki a kansa yayin da ɗayan ke numfashi. Aikin yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Yana yiwuwa a fara da huji a ƙare da buɗe ƙirji idan aka ci karo da zubar jini ko mannewar huhu, abin da ake yawan samu ga waɗanda suka taɓa yin tarin fuka. Likita zai yi wa majinyaci bayanin wannan tun kafin ya sa hannu.

Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin jama'a, cewa da zarar wuƙa ta taɓa daji ko iska ta shige shi, sai ya bazu. Babu hujjar kimiyya a kan haka. Abin da kan faru shi ne a buɗe majinyaci a tarar cutar ta riga ta yi nisa fiye da yadda hoto ya nuna, sai dangi su ɗora alhakin a kan tiyatar. Tsoron wannan magana ya sa wasu ke jinkiri har damar ta wuce su.

Shirin da ke gaban ranar aiki

Murmurewa tana farawa ne tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ƙa'idojin da likitocin tiyatar ƙirji na Turai suka fitar a 2019 sun ba da shawarar a daina shan taba aƙalla mako huɗu kafin aiki, haka ma barasa ga mai yawan shan ta. Shisha da tabar wiwi suna cikin wannan hani. Ana son majinyaci ya riƙa tattaki kullum, ya koyi atisayen numfashi, a kuma gyara masa ƙarancin jini, hawan jini ko ciwon sukari idan yana da su. Wanda ya rame sosai yana buƙatar ƙarin abinci mai gina jiki tun kafin ranar.

Wajibi ne majinyaci ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, har da magungunan tsinka jini irin su asfirin, da jiƙe-jiƙe da sauran magungunan gargajiya, domin wasunsu na hana jini tsayawa ko su yi karo da maganin sa barci. Akan dakatar da abinci awa shida kafin aiki, amma a asibitoci da dama ana barin shan ruwa zalla har zuwa awa biyu kafin a shiga.

Kwanakin farko a asibiti

Majinyaci zai farka da bututu ɗaya ko biyu a gefen ƙirjinsa, haɗe da wata kwalba ko na'ura. Aikin bututun shi ne fitar da iska da ruwan da ke taruwa, don ragowar huhun ya buɗe ya cike gurbin. Akan cire shi bayan 'yan kwanaki, idan iska ta daina fita kuma ruwan ya ragu. Masu jinya su kula kada kwalbar ta tuntsure, kada a ɗaga ta sama da ƙirji, kuma kada majinyaci ya kwanta a kan bututun.

Maganin ciwo a wannan mataki ginshiƙi ne na jinyar. Wanda ƙirjinsa ke ciwo ba zai ja dogon numfashi ba, ba zai yi tari ba, sai majina ta taru ta toshe hanyar iska, daga nan nimoniya ta shiga. Dauriya da ɓoye ciwo don nuna jarumta illa take haifarwa. Likitoci kan haɗa allurar kashe jijiyoyin haƙarƙari ko ta gadon baya da magunguna na sha, don a rage dogaro da masu ƙarfi da ke sa maye da taurin bayan gida.

Ana son majinyaci ya sauko daga gado ya zauna a kujera, ya kuma taka ƙafarsa, cikin awa 24 na farko. Dangi kan ga kamar rashin tausayi ne a tayar da wanda aka yi wa aiki jiya, alhali kwanciyar ce ke jawo toshewar huhu da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Ma'aikacin motsa jiki zai koya masa jan numfashi mai zurfi sau da yawa a kowace awa, da yin tari yana rungume da matashi a kan wurin ɗinki. Akan kuma ba shi allurar hana daskarewar jini da safa ta musamman.

Idan komai ya tafi daidai, wanda aka yi wa aikin huji kan koma gida bayan kwana uku zuwa biyar, wanda aka buɗe wa ƙirji kuma bayan kamar mako guda. Matsalolin da aka fi gani su ne ci gaba da yoyon iska fiye da kwana biyar, nimoniya, da rikicewar bugun zuciya, wadda ta fi zuwa a rana ta biyu ko ta uku. Akasarinsu ana shawo kansu. Hatsarin rasa rai yana nan, ko da yake a manyan cibiyoyi bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba ga cire sashe guda, ya kuma fi haka sosai ga cire huhu baki ɗaya. Haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likitansa nasa hatsarin, da kuma yawan irin wannan aiki da ake yi a asibitin.

Bayan komawa gida

Gajiya da haki idan an yi ɗan motsi abu ne da aka saba gani a makonnin farko, kuma yana raguwa a hankali cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Tattaki shi ne babban magani: a fara da mintuna kaɗan sau biyu ko uku a rana a tsakar gida, a riƙa ƙarawa. A ci gaba da motsa kafaɗar ɓangaren da aka yi aiki don kada ta sandare. A guji ɗaukar kaya mai nauyi, kamar bokitin ruwa ko buhun hatsi, har tsawon mako shida ko yadda likita ya ce. Haka ma tuƙin mota ko babur, sai ciwo ya lafa kuma an daina shan magungunan da ke sa barci.

Ragowar huhun yana buƙatar iska mai tsabta. A nisantar da majinyaci daga murhun itace ko gawayi, turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi da hayaƙin janareta. A lokacin hunturu ya sa takunkumi idan zai fita cikin ƙura. Masu zuwa dubiya su taƙaita zama, mai mura ko tari kuma ya aiko da gaisuwa daga nesa. Abinci ya ƙunshi masu gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nama, nono da gyaɗa, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa idan babu sha'awar ci. Maganar azumi, doguwar tafiya ko hawa jirgin sama, a bar wa likita ya faɗi lokacin da ya dace.

A garzaya asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, numfashi da ke ƙara tsananta, sabon ciwon ƙirji mai tsanani, kakin jini mai yawa, kumburin ƙafa ɗaya, bugun zuciya da sauri, ko ruwa da ɗoyi daga wurin ɗinki. Wasu kan ji zugi, tsira ko mutuwar fata a gefen tabon har tsawon watanni saboda jijiyoyin haƙarƙari da aka taɓa. Wannan yana da magani, bai kuma nuna cewa cutar ta dawo ba, amma a sanar da likita.

Damuwa da fargabar dawowar cutar su ma ɓangare ne na jinyar. Majinyacin da ya daina barci, ya daina cin abinci ko ya ƙaurace wa mutane yana buƙatar a saurare shi, a kuma faɗa wa likita. Zargin sa da cewa shi ya jawo wa kansa da shan taba ba ya ƙara masa komai. Abin da zai amfane shi shi ne a taimaka masa kada ya koma gare ta, domin komawar tana ƙara hatsarin sabuwar sankara a ragowar huhun.

Magani bayan tiyata da bibiya

Bayan mako ɗaya zuwa uku sakamakon gwajin naman da aka cire zai fito, kuma shi ne zai nuna ko akwai buƙatar ƙarin magani. Ga wanda tsironsa babba ne ko cutar ta shiga ƙululu, akan ba da kemo zagaye huɗu, kowanne bayan mako uku, a fara cikin kamar wata biyu da yin aiki. Nazarin da ya tattara manyan gwaje-gwaje biyar, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa hakan na ƙara kimanin mutum biyar cikin 100 a kan masu kai shekara biyar a raye.

A 'yan shekarun nan an samu ƙarin makamai. Idan gwaji ya nuna tsiron na ɗauke da wani canji a ƙwayar halitta mai suna EGFR, akwai ƙwayar magani, osimertinib, da ake sha kullum tsawon shekara uku. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 88 cikin 100 na masu shan ta suna raye bayan shekara biyar, a kan kashi 78 na waɗanda ba su sha ba. Akwai kuma magungunan zaburar da garkuwar jiki da ake haɗawa da kemo tun kafin tiyata don su rage tsiron. Tsadar waɗannan magunguna ta sa sun fi ƙarfin yawancin iyalai a Najeriya, amma yana da kyau a tambaya ko an yi gwajin, kuma ko akwai wani shirin rangwame.

Bibiya ba ta ƙarewa da warkewar ɗinki. An fi ganin dawowar cutar a shekara biyu na farko, don haka akan ɗauki hoton CT duk wata shida a wannan tsakani, daga nan sau ɗaya a shekara. Majinyaci ya adana takardar sallama, sakamakon gwajin nama da dukkan hotunansa a wuri guda, musamman idan an yi masa aikin a wata jiha ko ƙasar waje kuma zai ci gaba da ganin likita a gida.

Asibiti da kuɗi

Tiyatar ƙirji ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu ya yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a ƙasar tun 1974, kuma a yau akwai sassan tiyatar zuciya da ƙirji a asibitocin koyarwa da dama, ciki har da na Ibadan, Legas, Ile-Ife, Zariya da Kano, da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Sai dai ƙwararrun likitocin fannin kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma sun taru ne a manyan birane. Wanda zai zo daga nesa ya yi shirin zama kusa da asibitin na wasu makonni bayan sallama.

Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, sannan Cibiyar Bincike da Kula da Cutar Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2017, ta fara aiki a 2023. Asusun tallafa wa masu cutar daji da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar ya fara ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsara ta maza. Saboda haka mai sankarar huhu ya tuntuɓi ofishin jin daɗin majinyata na asibitinsa tun da wuri don sanin tallafin da ya shafe shi. Yana da kyau kuma iyali su nemi lissafin dukkan jinyar, daga gwaje-gwaje zuwa kemo da hotunan bibiya, kafin su sayar da kadara a kan kuɗin tiyata kaɗai su rasa na abin da zai biyo baya.

A wasu ƙasashe ana neman cutar tun kafin ta nuna alama. Wani babban binciken Amurka na 2011 ya nuna cewa ɗaukar hoton CT mai ƙarancin haske ga masu yawan shan taba ya rage mace-macen sankarar huhu da kashi 20 cikin 100, kuma tun 2021 ake ba da shawarar yin sa duk shekara a can ga 'yan shekara 50 zuwa 80 da suka daɗe suna shan taba. A inda irin wannan shiri bai kai ba, abin da ya rage shi ne a ɗauki alamomi da muhimmanci. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar gwajin kaki, wanda kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Idan gwajin bai nuna komai ba kuma tarin bai tafi ba, a nemi hoton ƙirji da ganin ƙwararre, domin a wannan ɗan tsakani ne ake samun majinyacin da tiyata za ta iya warkarwa.